Ta Riƙewa ko ta Kafawa

A tashar motar, idan ka ce Sakatare kake nema sai a tsaya tambayarka wanne, amma idan ka ce Ƙamus, ko mai sayar da ruwa zai nuna maka ƙofar ofishinsa. Shekara ashirin da shida ya yi yana rubuta wa ƙungiyar direbobi takardu, kuma direbobin ne suka laƙaba masa sunan, don a ganinsu babu kalmar Turancin da za ta shigo tasha ta gagare shi.

Gajere ne mai faɗin goshi, kullum da biro uku a aljihun gaba. Mahaifinsa gyaran takalma yake yi a bakin wannan tashar, kuma da wannan sana'a ya kai shi har aji uku na sakandare kafin ciwon ido ya zaunar da tsohon. Daga nan karatu ya tsaya. Ya yi sayar da tikiti, ya yi rubuta sunayen fasinjoji, har ranar da wani direba ya kawo masa takardar kotu, ya karanta masa ita tsaf, ya gaya masa ranar da ake nemansa. Labari ya bazu. Da kujerar sakatare ta rasa mai ita, ko zaɓe ba a yi ba.

Maganar gaskiya, Turancinsa na aji uku ne, sai ɗan abin da ya tsinta a jarida. Ya ishe shi yawancin takardun tasha, don kusan zance ɗaya suke maimaitawa: taro ranar kaza, a sabunta lasin, a daina lodin da ya wuce ƙa'ida. Inda kalma ta fi ƙarfinsa sai ya dubi na kusa da ita ya yi hasashe, ya faɗa da murya mai nauyi yana buga biro a tebur. Yawanci yana dacewa. Inda bai dace ba, babu mai ganewa. Da haka ya saba, har ya zama bakinsa ba ya iya furta cewa bai sani ba.

Matarsa tela ce, a gida take ɗinki. Yayanta kafinta ne, shagonsa na bayan katangar tasha. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu, kuma shi ya ba Ƙamus aurenta a lokacin da dangi ke ta gunaguni cewa mai sayar da tikiti ne kawai. Amsar kafinta a lokacin ita ce, "Yana da ilimi, zai riƙe ta." Ƙamus Yaya yake ce masa, shi kuma ya ce masa Malam. Duk aikin katako na ƙungiya a hannunsa yake: bencinan fasinja, teburin tikiti, gyaran bodin manyan motoci.

A shekarar Ƙamus ta goma sha biyar a kan kujera ƙungiya ta gama gina sabon ofis, ɗaki uku da baranda. Aka sa ranar buɗewa, sai ga takarda daga hedikwata. Ciyaman ɗin ƙungiyar bai yi boko ba, ko da yake mutum ne da ke gane ciwon inji daga jin ƙararsa. Ya turo takardar gaban Ƙamus ya ce, "Karanta mana mu ji me manya ke so."

Ƙamus ya gyara murya. Baƙi za su iso ranar Asabar da hantsi. A tanadi kujeru ɗari, da lasifika, da rumfa. Su za su zo da tutar ƙungiya. Sai kuma layi na ƙarshe, a tanadi abu guda ɗaya, kuma sunan abin wata kalma ce da bai taɓa gamuwa da ita ba. Kalma biyu aka manne wuri ɗaya. Rabin farko ya san shi, tuta ce. Rabi na biyu ya yi masa kama da wani dogon abu, amma bai tabbata ba.

"Sandar tuta," in ji shi. "Su da tuta, mu da sanda."

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Ciyaman. "Je ka gaya wa surukinka ya yi mana mai kyau."

Ya tarar da Yaya shi kaɗai a shago yana yanka katako, fensir a bayan kunne. Suka gaisa, Yaya ya tambayi ƙanwarsa da yara, sannan Ƙamus ya faɗi saƙo.

Yaya ya ajiye zarto. "Wace iri? Ta riƙewa a hannu, ko ta kafawa a ƙasa? In ta kafawa ce, ba aikina ba ne, na mai walda ne. Bututun ƙarfe za a samu, a haƙa rami, a zuba siminti. Siminti kuwa yana son kwana uku kafin ya kama, gara a sani tun yau."

Babu kowa a wurin. Babu direba, babu Ciyaman, babu wanda zai yi masa dariya da ya ce bari ya je ya tambayo. Akwai makaranta a ƙarshen layin, minti biyar ya isa. Amma sai ya tuna wani hoto da ya taɓa gani a jarida, na ma'aikata suna maci da tutoci a kafaɗa, kuma mutumin da ke gabansa shi ne wanda ya taɓa ce wa dangi yana da ilimi.

"Ta riƙewa ce."

"Ka tabbata, Malam?"

Ƙamus ya zaro takardar daga aljihu, ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan layin ƙarshe. "Yaya, ga shi a rubuce."

Yaya bai iya karatu ba. Ya dubi takardar, ya dubi Ƙamus, ya ce, "To, shi ke nan."

Kwana biyu ya yi a kan sandar. Ya zaɓi katako mai ƙwari, ya fere shi, ya goge da samfefa har ya yi santsi, ya shafa masa mai, ya yi masa ɗan ƙwallo a kai. Tsawonta ya ɗan fi mutum. Duk wanda ya leƙa shago sai ya ɗauka ya juya ya yaba.

Ranar Asabar aka share tasha, aka jera motoci gefe guda, direbobi suka sa kayansu masu kyau. Baƙi suka iso da motoci uku. Bayan jawabai, babban baƙo ya ce yanzu za a ɗaga tuta. Mutum biyu daga cikin tawagarsa suka buɗe ta, sai ga tuta ta kai faɗin zanen gado biyu, da zobban ƙarfe a gefe inda igiya za ta bi. Babban baƙo ya waiga hagu, ya waiga dama, ya dubi gaban ofis inda babu komai sai yashi.

"A ina za a ɗaga ta?"

Ciyaman ya yi wa kafinta alama da hannu. Yaya ya fito daga bayan rumfa ɗauke da sandar a hannu biyu, naɗe cikin farin ƙyalle, ya kwance ta a hankali ya miƙa.

Sai wani a baya ya ce, "Sanda kam ta yi kyau, saura shanun." Dariya ta ɓarke daga baya ta taho gaba, har baƙin da suka so daurewa suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Ƙamus na zaune a teburin gaba da littafin rubuta bayanin taro. Ya ci gaba da rubutu ba tare da ya san me yake rubutawa ba.

Da yake ba za a sallami baƙi tuta a ninke ba, sai aka ɗaura gefenta a sandar da igiyar kaya, aka sa direban da ya fi kowa tsawo ya hau saman bas ya riƙe. Rabin tutar ya sauko ya rufe tagogi. Iska ta taso ta naɗe direban da sauran rabin, ya zama ba a ganin komai sai ƙafafunsa. A haka mai hoto ya ɗauka.

Motocin baƙi ba su gama fita ƙofa ba Ciyaman ya juyo, a gaban kowa.

"Ƙamus, me takarda ta ce?"

"Sandar tuta ta ce, ranka ya daɗe."

Ba ƙarya ya yi ba, kuma ya san ba gaskiya ya faɗa ba. Ciyaman ya juya kan kafinta. "Kai da girmanka, ba ka taɓa ganin tuta a gaban ofis ba? An ce maka sandar tuta, ka kawo mana ta dogarawa? Ka zubar mana da mutunci a gaban manya."

Yaya ya juya ya dubi Ƙamus, ya tsaya yana dubansa. Ƙamus ya ga haka ta gefen ido, sai ya buɗe wani shafi a littafinsa. Can Yaya ya ce, "Kuskurena ne, Ciyaman. A yi haƙuri." Ya ninke farin ƙyallensa ya koma shago.

A makon aka ba wani kafinta aikin ƙungiya. Direbobi kuma suka sa wa Yaya suna Mai Sanda. In ya zo wucewa sai wani ya ɗaga tsintsiya sama ya ƙame. Shi dai ya ɗaga musu hannu ya wuce. Bayan wata huɗu ya tashi daga bayan tasha, ya kama wani shago a can gefen gari, inda ake sababbin gine-gine, ya koma yin ƙofofi da gadaje.

Ƙamus kuwa, ran Litinin ɗin da ta biyo baya ya hau mota ya tafi wani shagon littattafai da ke nesa, inda ba a san shi ba, ya sayi ƙamus na gaske. Ya sa aka naɗe masa a jarida. A ofis ya kulle ƙofa ya nemo kalmar. Ga ta nan: dogon ƙarfe ko itace da ake kafawa a ƙasa, a ja tuta zuwa ƙolinsa da igiya. Layi biyu kacal. Ya karanta ya sake karantawa, sannan ya tura littafin ƙarƙashin tsofaffin fayiloli a durowar ƙasa.

Ranar da mai walda ya zo kafa ta gasken, Ƙamus ya fito yana kallo daga baranda. Mai walda ya ɗago ya ce, "Sakatare, a nan za a sa falwayar tutar, ko a matsa?"

"Me ka kira ta?"

"Falwaya mana. Ba irin ta wutar lantarki ba ce? Sai dai wannan tuta take ɗauka."

Sai a lokacin ya gane. Rabin kalmar nan da ya tsaya masa a wuya, shi ne dai "fal" ɗin da ke farkon falwaya, abin da yake faɗa kullum in yana yi wa baƙo kwatancen gidansa. Akwai guda a ƙofar gidan ma, wadda yara ke jingina keke a jikinta. Shekara da shekaru kalmar na bakinsa bai san ita ba ce.

Daga nan wata ɗabi'a ta kama shi. Duk wanda ya samu sai ya kewaya da hira ya tambaye shi yadda suke kiran abin nan da ake ɗaga tuta a kai. Mai gadin tasha, wanda tsohon soja ne, ya ce su ƙarfen tuta suke cewa, kuma ya sha goge shi da toka. Wani direban da ke doguwar tafiya ya ce ya ji inda ake cewa turken tuta, tunda kafe yake wuri guda. Malamar makarantar da ke maƙwabtaka da su ta ce, "Sandar tuta mana. Haka muke koya wa yara." Wannan amsa ta yi masa daɗi. Ya wuni da sauƙin rai, yana gaya wa kansa ashe fassararsa daidai ce, kalmar ce mai fuska biyu. Amma kafin ya isa gida daɗin ya tsiyaye. Yaya ai bai ce fassarar ba daidai ba ce. Tambaya ya yi, tambayar da ta dace, kuma aka amsa masa da yatsa a kan takarda.

Abin da ya fi ƙona shi, Yaya bai daina zuwa gidan ba. Duk ƙarshen mako yana tafe da ɗan abin hannu ga yara, ya zauna a tabarma kusa da keken ɗinki, ya ce, "Malam, ya aiki?" kamar ba abin da ya faru. Ƙamus ya shiga ƙirƙirar uzuri. Yau taron gaggawa, gobe gaisuwar mara lafiya. Wata rana ya ji sallamar Yaya yana ɗaki, ya lafe a bayan ƙofa kusan awa biyu yana jin hirarsu, ƙafarsa ta yi sanyi bai motsa ba.

Bayan baƙon ya tafi matarsa ta leƙo. "Baban yara, fito, ya tafi. Na ce masa barci kake yi. Ka sa ni yi wa yayana ƙarya, sai ka gaya mini dalili."

Ya gaya mata duka, yana tsaye, ita tana zaune a keke. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ƙarasa ɗinkin hannun rigar da ke gabanta, ta yanke zare da haƙori.

"Wata takwas," in ji ta. "Wata takwas ana kiran Yaya da sunan banza, kai kana cin abinci kana ƙoshi."

"Ba na ƙoshi."

"To ni ka gaya wa? Ni ce kafintan?"

Bai iya zuwa wurin Yaya kai tsaye ba. Ya fara da Ciyaman, a tunaninsa in ya dawo wa Yaya da aikinsa, zai je masa da wani abu a hannu. Ciyaman ya saurare shi yana sakace, sannan ya tashi ya tura ƙofa.

"Wa ya sani ban da ni?"

"Matata. Da shi Yayan."

"To ka bar shi a cikinka. In direbobi suka ji kana hasashe a takarda, gobe wa zai yarda da abin da ka karanta masa? Ni ma da na sa hannu a kan duk abin da ka ce, me za a kira ni? Aiki kuma an riga an ba wani, ba zan ƙwace ba. Zance ya wuce."

Ƙamus ya fito ya fi shiga jin nauyi. Ya yi zaton za a zage shi, ya samu an rufa masa asiri.

Ran Lahadi da safe ya tafi gefen gari. Ya wuce shagon sau biyu kafin ya tsaya. Yaya na goge wata ƙofa da aka kwantar a kan benci, garin katako ya yi masa fari a gemu.

"Malam, kai ne a unguwarmu? Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Yaya. Magana ce ta kawo ni." Ya tsuguna, abin da bai yi ba tun ranar neman aure. "Ranar nan da na nuna maka takarda. Ba a rubuta ta riƙewa ba. Ban san kalmar ba. Hasashe na yi."

Yaya ya ci gaba da guga. "Na sani."

"Ka sani?"

"Ban san sandar ba daidai ba ce, da ban ɓata katakona ba. Amma na ga yatsanka na kan takarda, idonka na kan bango. Na ce a raina wataƙila gajiya ce. Da aka buɗe tutar nan na gane."

"To me ya sa ka ɗauka a kanka?"

Yaya ya hure ƙurar da ke kan ƙofar. "Ni in an kore ni daga tasha, hannuna na biye da ni. Ga shi kana gani, ƙofa ba ta ƙarewa. Kai kuwa in aka daina yarda da bakinka, me ya rage? Ƙanwata da 'ya'yanta su ci biro?" Ya ɗan yi murmushi, murmushin bai daɗe ba. "Amma na jira ka, Malam. Da Ciyaman ya gama faɗa, sai da na ƙirga goma a raina kafin in buɗe baki. Na ce yanzu zai yi magana."

Ƙamus bai ɗago ba.

"Dariyar ba ta dame ni ba, direbobi ne, gobe su sami wani. Abin da ya tsaya mini shi ne takardar. Ka san ban iya karatu ba. Da ka ce mini haka kake gani, da sai mu yi shawara. Sai ka rufe mini baki da abin da ba zan iya musawa ba. Ko bare bai taɓa yi mini haka ba."

"Ka yafe mini, Yaya."

"Na yafe tun tuni, don in samu in yi barci. Tashi, wandonka zai ɓaci. Kama mini can gefen mu juya ta."

Suka juya ƙofar. Ƙamus ya zauna har azahar yana miƙa ƙusa, ba su sake taɓa zancen ba.

A babban taron ƙungiya na ƙarshen wata, da aka zo kan sauran batutuwa, Ƙamus ya miƙe ba tare da ya dubi Ciyaman ba, ya faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe, ya ce kafinta ba shi da laifi. Kwana uku ya yi yana shirya kalmomin. Rabin direbobin sun riga sun fita don lodi. Cikin waɗanda suka rage, wani ya ce, "Wace sanda kuma?" aka tuna masa, aka sake dariya. Wani ya ɗaga hannu ya ce shi maganar tayoyi yake so a koma. Ƙamus ya zauna, ya rubuta abin da ya faɗa a littafin taro da hannunsa, layi huɗu, sannan ya rubuta maganar tayoyi a ƙasa. Ciyaman ya yi mako biyu ba ya amsa gaisuwarsa, daga baya ya huce.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a kujerar kafin ya sauka, aka yi masa taron ban kwana, aka yabe shi da riƙon amana. Yaya bai sake taka tashar ba, ko tafiya ta kama shi sai ya tsaya a bakin titi ya tari mota. Yanzu ya tsufa, babban ɗansa ne ke riƙe da shagon, amma har yau yana zuwa gidan ƙanwarsa duk ƙarshen mako. Ƙamus ya daina ɓuya. Da ya ji sallama shi ke tashi ya shimfiɗa tabarma, shi ke kawo ruwa da kansa ko da jikoki sun cika gida. Suna hirar tsadar katako da ciwon gwiwa, wani lokaci har su yi dariya. Sai dai in Yaya na magana, Ƙamus tabarma yake kallo.